Ƙidayar Takalma a Gidan Gwaggo

Ƙorafin da ya iso ofishin kula da gidajen rainon yara gajere ne. Wata nas ce ta kawo shi. Ta ce ɗanta mai shekara biyu da rabi ya fita daga gidan da take kai shi raino, ya bi layi shi kaɗai har bakin babban titi, kuma ba daga bakin mai gidan ta ji labarin ba, daga bakin mai faci ta ji. Aka ba wata jami'a mai bincike aikin. Abin da ake so daga gare ta shi ne ta je ta gani da idonta, ta faɗa wa ofis ko gidan zai ci gaba da riƙe lasisinsa ko a dakatar da shi.

Da mai facin ta fara. Rumfarsa tana daidai inda layin ya haɗu da kwalta, tsofaffin tayoyi jibge a gefe, ga bahon baƙin ruwan da yake neman huji a ciki.

"Ni ban ga fitowarsa ba," in ji shi, yana goge hannu da tsumma. "Ina duƙe kan tayar wani mai babur sai na ji ƙarar birki. Na ɗago, ga yaro a tsaye, ƙafa ba takalmi, yana ɗaga wa mota hannu kamar ɗan sandan hanya. Direban ya sauke mini zagi, wai ɗana ne. Na ce bawan Allah, da nawa ne ai da yanzu na ba shi sifana yana taya ni aiki."

"Kai ka mayar da shi?"

"Ni na mayar da shi. Na buga ƙofa, Gwaggo mai rainon ta fito. Na ce ɗaya daga cikin naki ya fita. Ta ce a'a, nata sun cika, yanzu ta ƙirga. Yaron yana kafaɗata fa, Malama. Sai da ya yi magana sannan ta ce, 'Injiniya? Kai ne?'" Ya dubi biron da ke hannunta. "Amma don Allah kar ki rubuta ta da mugun abu. Nawa biyu a hannunta suka yi wayo. Duk layin nan ba wanda bai ci abincin matar nan ba."

Gidan shi ne na kusa da ƙarshen layi, mai koren ƙofar ƙarfe. Jami'ar ta yi sallama. Matar da ta buɗe dattijuwa ce mai jiki, da zanin goyo ɗaure a ƙugu ko da yake ba ta goye da kowa. Ta tsaya a hasken rana tana duban baƙuwar da kai a ɗan karkace.

"Wace ce?"

Jami'ar ta faɗi ofishin da ta fito, ta miƙa katin aikinta. Gwaggo ta karɓa, ta juya shi a hannu, ta mayar.

"Na san za ku zo. Shigo, 'yata. Ki duba duk inda kike so, har ƙarƙashin gado."

Ta duba. A aikin nan ta sha shiga gidajen da ake tara yara ashirin a ɗaki ɗaya a kunna musu talabijin, da gidajen da ake ajiye kalanzir a robar lemo. Wannan ba irinsu ba ne. An share tsakar gida tas. An ɗaga sakatar ƙofar waje zuwa inda sai babba ya miƙa hannu, ramukan tsofaffin kusoshin suna nan a ƙasa, shaidar cewa sabon gyara ne. Tukunyar gas tana cikin keji mai kwaɗo. An toshe kowane soket. Magunguna suna saman kabad. A falo, wanda aka kwashe kujerunsa aka shimfiɗa tabarmin roba, yara suna ta hidimarsu, kuma ba wanda ya yi kama da wanda ake duka ko ake bari da yunwa. Kafin ta gama zagayen, jami'ar ta riga ta fara tsara gargaɗi a ranta: kuskure ne na rana ɗaya, an gyara, a sake dubawa nan gaba.

Abu ɗaya ne ya rage. Lasisin da ke rataye a bango ya ce manya biyu ne za su kula da yara goma sha biyu, Gwaggo da matar ɗanta.

"Ina surukar taki?"

"Ta ɗan fita. Yanzu za ki gan ta."

Wata yarinya mai kimanin shekara huɗu, da kitso biyu a tsaye, ta ɗago daga wasanta. "Anti tana shagon magani. Aiki take yi. Sai yamma take dawowa, ta kawo mana alawa."

"Rediyo!" in ji Gwaggo. "Wa ya kunna ki?" Ta yi dariya, amma dariyar ba ta daɗe ba. "Gaskiya ce. Ta sami aiki, ban ga dalilin hana ta ba. Ina neman wata. Amma 'yata, ni kaɗai na riƙe gidan nan shekara da shekaru kafin ku zo da maganar mutum biyu, ko ƙwarzane yaro bai taɓa yi ba."

"To ranar da Injiniya ya fita fa? Mai faci ya ce kin ce kin ƙirga."

"Na ƙirga mana. Zo ki gani."

Ta ja ta zuwa baranda. A jikin bango, daga bakin ƙofar falo har kusurwa, ƙananan takalma ne a jere, kowane ƙafa biyu a haɗe, hancinsu yana duban bango. Silifas, sandal, wani jan kambas mai fitila a dunduniya.

"Yaro ba ya tsayawa a ƙirga shi," in ji Gwaggo, muryarta ta koma ta mai koyarwa. "Ki ƙirga wannan a nan, kafin ki juya ya koma can kin sake ƙirga shi. Takalmi kuwa inda kika ajiye shi nan za ki tarar da shi. Doka ta farko a gidan nan, tun ranar da uwa ta kawo mini ɗanta: ba a shiga ɗaki da takalmi, ba a taka waje ba takalmi. Har waƙa muke yi da ita. To in takalma sun cika a nan, yara suna ciki. In ɗaya babu, na san wanda ya fita, na san ma ko waye. Wasu gidajen raino sun zo sun koya a wurina."

"Injiniya ba takalmi ya fita."

"Shi ya karya doka. Shi kaɗai ne, tun da na fara. Ai shi ya sa ake ce masa Injiniya, ba abin da bai kwance ba a gidan nan. Na yi masa faɗa, na ɗaga sakata. An wuce wurin."

Jami'ar ta rubuta. Ta nemi izinin zama har yaran su ci abinci su kwanta, don ta ga yadda yinin yake tafiya.

Ta zauna a kan wata 'yar kujera a kusurwar falo. Gwaggo ta zuba shinkafa a kwanukan roba, tana kiran kowa da laƙabinsa, tana amsa kowa ba tare da ta waiwaya ba. "Direba, ba da baki cike ba." "Rediyo, bar masa cokalinsa, na ji ki." Ko tari yaro ya yi ta san ko waye. Jami'ar ta lura ba ta taɓa yi wa yaro magana kafin ya yi motsi ko ya yi ƙara ba, amma a lokacin ba ta ɗauki abin da wani nauyi ba.

Bayan cin abinci aka goge hannuwa, aka sauke labule, aka jera ƙananan katifu. Gwaggo ta zaga tana bubbuga baya har hayaniyar ta lafa. Sannan ta fita baranda. Jami'ar tana kallonta ta ƙofa: ba ta sunkuya ba, ta bi layin takalman da yatsun ƙafarta, tana taɓa kowanne, leɓɓanta suna motsi.

"Sha biyu," in ji ta. "Sun cika." Ta wuce kicin, aka fara jin ƙarar kwanuka.

Jami'ar ta ƙirga kawunan da ke kan katifu, don haka aikin ya saba mata, ko a motar haya ta kan sami kanta tana ƙirga yara. Sha ɗaya. Ta tashi ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana ɗaga mayafi. Sha ɗaya. Katifar da ke bakin bango babu kowa a kai, sai lotsawar da ƙaramin jiki ya bari.

"Gwaggo. Wa ke kwana a ta bakin bango?"

"Kyanwa. Tana nan, ita ba ta da motsi."

"Ba ta nan."

Ƙarar kwanukan ta tsaya.

Jami'ar ta leƙa banɗaki. Ta leƙa ɗakin kwanan Gwaggo, ta duba ƙarƙashin gado da bayan ƙofa. Ta duba ƙofar waje, sakata tana a rufe. Gwaggo ta fito tsakar gida da kumfa a hannu tana kira, "Kyanwa! Kyanwa, 'yar albarka, amsa mini!" Ba amsa. Yarinyar da aka sa wa wannan laƙabi don tafiyarta ba ta da sauti, magana ma sai ta ga dama.

Ta cikin kicin akwai ƙofar da ke fita bayan gida, inda ake shanya. A buɗe take, faɗin tafin hannu. Yarinyar ta wuce ta nan, ta bayan Gwaggo, tana wanke-wanke. Jami'ar ta tura ƙofar.

A gindin famfo akwai shuɗiyar durom ta ruwa, murfinta a jingine a ƙasa. Da safe ta gan ta a rufe. Gwaggo ce ta buɗe don ɗiban ruwan wanke-wanke. An kifa bokiti a gefenta. Yarinyar ta taka bokitin ta ɗora cikinta a bakin durom ɗin, tana miƙa hannu ga wani kofin roba da ke yawo a kan ruwan. Ƙafafunta sun riga sun bar bokitin. Jami'ar ba ta kira ta ba. Ta tsallake kwandon wanki, ta kai hannu daidai lokacin da kan yarinyar da kafaɗunta suka nutse, ta damƙi bayan rigarta ta fizgo ta.

Yarinyar ba ta yi kuka ba. Ta buɗe baki tana neman iska, ruwa yana zuba daga kitsonta.

Gwaggo ta fito ta ƙofar kicin. Tsakaninsu bai fi tsawon tabarma biyu ba, rana kuma tana tsaka. Ta dubi wajen igiyar shanya, inda zannuwa suke kaɗawa. Ta dubi wajen famfo, inda jami'ar take tsaye da yarinyar a ƙirjinta.

"Kin gan ta?" in ji Gwaggo.

Sai yarinyar ta yi tari, ta fashe da kuka, Gwaggo ta yo kan sautin da hannuwa a miƙe. Da tafinta ya sauka kan jiƙaƙƙen gashin, sai ta zauna a ƙasa, a kan simintin da ke jiƙe.

Suka cire wa yarinyar riga, suka naɗe ta a tawul. Jami'ar ta rufe durom ɗin, ta ɗora bulo a kai, ta sa wa ƙofar kicin sakata, ta koma falo ta sake ƙirga sauran. Sannan ta dawo ta zauna kusa da Gwaggo a baranda.

"Tun yaushe idon?"

Gwaggo ta ci gaba da jijjiga yarinyar. "Tun bara. Da farko kamar hayaƙi. Yanzu kamar ina kallo ta gilashin da aka shafa wa sabulu. Ina ganin mutum, amma sai ya motsa. Na je asibiti, kar ki ce ban je ba. Suka ce yanar ido ce, sai an yi aiki, ido ɗaya bayan ɗaya, kuma bayan aikin ba sunkuyo, ba ɗaukar abu mai nauyi. Na ce likita, ni aikina ke nan, sunkuyo da ɗauka. Wa zan bar wa su?"

"Iyayen sun sani?"

"In sun sani za su kawo?" Ta gyara wa yarinyar tawul. "Ban ɗauka ina ɓoye wani abu ba, wallahi. Kunnena yana nan. Takalma suna nan. Kullum na taɓa na ji sun cika sai hankalina ya kwanta."

Aka buga ƙofar waje da ƙarfi. Jami'ar ce ta buɗe. Wata mata ce cikin farin kayan asibiti, tana haki, jaka a kafaɗa.

"Ke ce daga ofis? Ni ce uwar Injiniya, ni na kai ƙorafin. Mai faci ya kira ni ya ce kin zo. Na zo in janye."

"Ba a janye irin wannan a bakin ƙofa."

"To ki gaya mini inda ake janyewa in je. Cikin fushi na yi. Tun ranar ba uwar da ke amsa gaisuwata a layin nan. Jiya wata ta ce mini, 'Sannu, mai rufe gidaje.' Kuma ni kaina, kin gan ni, yau da safe nan na kawo shi. Ina zan kai shi? Asibiti zan tafi da shi, in ajiye shi a kan gadon marar lafiya?" Ta wuce jami'ar ta shiga cikin gida. "Gwaggo, ki yafe mini, ni ban yi don a..."

Ta tsaya. Ta ga tawul, ta ga jiƙaƙƙen kitso. Aikinta ya riga bakinta: ta durƙusa, ta karɓi yarinyar, ta kara kunne a bayanta, ta duba leɓɓanta da farcenta.

"Ruwa ta sha?"

"Kanta ya shiga durom," in ji jami'ar. "Ban bari ta daɗe ba."

"Numfashin da sauƙi. Amma a kai ta a duba ƙirjin yau, kar a bari sai gobe." Ta ɗago. "Gwaggo, garin yaya? Kina ina?" Gwaggo ta juyo da fuska wajen muryar, hasken baranda ya faɗa a kanta. Nas ɗin ta sa yatsa ta ɗaga haɓar dattijuwar a hankali, kamar yadda take yi wa marasa lafiya. "Kalle ni, Gwaggo. Kalli nan."

Farin da ke tsakiyar ƙwayar idon ba ya buƙatar fitilar likita.

"Kullum da safe nake miƙa miki yaro hannu da hannu," in ji nas ɗin, muryarta ƙasa-ƙasa. "Kullum ina sauri. Ban taɓa duban fuskarki ba."

Jami'ar ta koma gefe ta kira shugabanta. Maganar ba ta yi tsawo ba. Ka'idar a fili take: in jami'i ya ga haɗarin da zai iya cin rai, dakatarwa nan take, a kira iyaye su kwashe yaransu, kwamiti ya zauna daga baya. Shugaban ya tambaye ta abu ɗaya, ko ita ta gani da idonta. Ta ce ta gani. Ya ce to hukuncin nata ne, shi zai sa hannu a kan abin da ta rubuta.

Gwaggo ta ji komai. Kunnenta, kamar yadda ta faɗa, yana nan.

"'Yata, zo." Ta kama hannun jami'ar da hannu biyu. "Ki ba ni zuwa ƙarshen wata. Zan sa surukata ta bar shagon. Zan zubar da ruwan durom, in sa wa ƙofar kicin kwaɗo. Zan riƙa taɓa kawunansu ɗaya-ɗaya, na bar takalma har abada. Ke kin san in kika rufe yau, ko an buɗe daga baya ba mai dawowa. Za a ce makauniya ce take riƙe mana yara. Kuma kin san inda za su je gobe? Uwar Direba a kasuwa take, a ƙarƙashin tebur za ta ajiye shi. Rediyo da ƙaninta kulle su za a yi a ɗaki."

"Ki saurare ta," in ji nas ɗin. "Ni zan riƙa zuwa ranakun da ba ni da aiki. Zan nema mata layi a wurin likitan ido. Ki rubuta gargaɗi kawai."

Jami'ar ta san Gwaggo ba ƙarya take yi ba. Ta san ɗakunan da ake kullewa daga waje, ta taɓa shiga ɗaya bayan gobara. Ta san yawancin yaran nan gobe za su kasance a wurin da ya fi nan muni, wurin da ba shi da lasisin da za a dakatar, kuma ba wanda zai aiko ta dubawa. Ta dubi hannun rigarta, wanda yake jiƙe har gwiwar hannu.

"Surukarki za ta iya zuwa yanzu, ta zauna daga yau?"

Gwaggo ta girgiza kai. "Sai ta ba su sanarwa. Ba za su sake ta haka nan ba."

"To gobe da safe ke kaɗai ce da sha biyu."

Jami'ar ta ciro bironta.

"Ba zan iya fita ta ƙofar nan in bar su ba, Gwaggo. Na dakatar da lasisin daga yanzu. Zan rubuta duk abin da na gani, har da tsabtar gidan da yadda yaran suke sonki. Zan rubuta cewa in an yi aikin idon, aka sami mutum na biyu, a sake dubawa. Abin da kwamiti zai yanke, ban sani ba, kuma ba zan yi miki alkawarin abin da ba a hannuna yake ba."

Gwaggo ta saki hannunta. Ba ta yi kuka ba. Ta kwance zanin goyon da ke ƙugunta, ta ninke shi, ta ajiye a cinya. A falo wani yaro ya yi juyi ya yi ɗan gunaguni. "Koma barci, Direba," in ji ta, ba tare da ta ɗaga murya ba, yaron kuwa ya koma.

"Zan zauna har a ɗauki na ƙarshe," in ji jami'ar. "Ki ba ni lambobin iyayen in kira su."

"A'a." Gwaggo ta laluba aljihun rigarta ta ciro wata tsohuwar waya mai manyan maɓallai. "Hannu da hannu suka ba ni. Ba daga bakin ofis za su ji ba."

Ba ta nemi a karanta mata lamba ba. Babban yatsanta ya bi maɓallan da ka. Ta fara da uwar Kyanwa, wadda ke aiki a gidan burodi. Wayar ta daɗe tana ƙara kafin a ɗauka, ana jin ƙugin injin kwaɓa daga can.

"Ni ce, Gwaggo. Fita waje inda za ki ji ni." Ta jira. "Tana nan a gabana, tana numfashi, nas ta duba ta. Ki nemi izini ki zo yanzu, za ki kai ta asibiti. A durom ta faɗa." Aka yi magana da ƙarfi a ɗaya ɓangaren. Gwaggo ta bari har aka gama. "A'a, ban tafi ko'ina ba. Ina kicin, ta wuce ta bayana. Ban gan ta ba, 'yar nan. Na daɗe ba na gani."